Famfon Taubashina Ya Yi Arba'in Da Tara

Zuwa ga bawana na gado, ɗan gwaggona, wanda mutanen Shagari suka naɗa wa rawanin "Injiniya" ba tare da sun shawarci iyayen gidansa na Boɗinga ba. Yaya Gwaggo da ciwon ƙafa? Yaya amaryarmu da haƙuri da kai? Yaya surukinka da shinkafa? Na ce shinkafa ne saboda labari ya iso mu cewa albasar da ya dasa a bakin madatsar ruwan Shagari ta sauya sana'a a dare ɗaya, kuma kai ne ka yi mata hanya.

Kada ka ɓata lokaci wajen neman wanda ya kawo tsegumin. Hanyar da ta bar Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega ta ƙofar shagona take bi, direba kuwa ba ya wuce teburin mai shayi da labari a baki. Kafin laka ta bushe a ƙafar wandonka mun ji, mun yi dariya, har wani ya tambaye ni ko da gaske jininmu ɗaya. Na ce masa ɗaya ne, sai dai nawa ta wajen namiji ya biyo.

Bari in ɗan waiwayi masu karatu, don kada su ce biyu ta haɗa mu su ba su sani ba. Ni mai gyaran rediyo ne, hayaƙin dalma ya tsufa a hancina. Da rediyo ya fara ja da baya, sai aiki ya koma kan wasu 'yan na'urori da jama'a ke nema: abin da zai kunna wuta ya kashe da kansa idan lokaci ya yi. Mai firiza yana so, mai famfon sola yana so, mai ƙyanƙyasar ƙwai yana so, masallaci ma yana so. Ni idan an kawo irin wannan aiki, ina buɗe gwangwanina in zaɓo razista da kafasita da rile da wata 'yar aisi mai ƙafa takwas. Shi kuwa wannan bawa nawa, tun da ya dawo daga Foli da wani shuɗin allo a aljihu, ko ƙofar akurki aka ce ta rufe da magariba sai ya ce a kawo laftof. Shekara da shekaru ke nan muna wannan gardama, daga wurin suna zuwa wurin ɗaurin aure, har Gwaggo ta hana a zaunar da mu tabarma ɗaya.

To Injiniya, zauna in sake gabatar maka da tsohuwar da kake rainawa, wato 'yar aisin nan mai ƙafa takwas. Sunanta 555. Wani Bature ɗan asalin Suwizalan mai suna Hans Camenzind ne ya zana ta a Amurka a 1971, kamfanin Signetics ya fito da ita kasuwa a 1972. Wato ta girmi hawan marigayi Alhaji Shehu Shagari kujerar shugaban ƙasa da shekara bakwai, hawan nan na 1979 da har yau kuke tsorata mu da shi duk lokacin da hujja ta ƙare muku. Allah ya jiƙansa, shi malamin kimiyya ne tun kafin siyasa, da ya ga abin da ka yi wa albasa da ya sa ka durƙusa a gaban aji. Ita wannan tsohuwa har gobe ana ƙera ta, ana sayar da ita daga Sabon Garin Kano har Alaba ta Legas, kuma ba ta taɓa neman a sabunta mata komai ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Aikinta ba shi da wani ɓoyayyen asiri. Ka ɗauki kafasita a matsayin tulu, razista kuma ɗan ƙaramin mazurarin da ruwa ke ɗiga ta cikinsa. Ita 555 tana zaune a gefe tana leƙen tulun. Da ruwa ya kai kashi biyu cikin uku sai ta juya makunni, rile ya ce ƙas. In kana son jira ya daɗe, ka ƙara girman tulu ko ka matse mazurari. Lissafin ma guda ne: razista sau kafasita sau 1.1, abin da ya fito shi ne sakan nawa za a jira. Almajirin da ke shagona, wanda bai gama firamare ba, ya haddace shi a yini ɗaya.

Ka tuna mai ƙanƙarar nan na bakin tasharmu? Kwamfiresonsa biyu suka ƙone a bazara ɗaya. Dalili sananne ne. Idan an ɗauke wuta aka maido nan take, iskar gas ɗin da ke cikin firiza ba ta riga ta lafa ba, sai kwamfireso ya tashi yana turin abin da ya fi ƙarfinsa, ya ja wuta fiye da kima, wayar cikinsa ta yi zafi. Maganin shi ne a sa shi ya jira kamar minti uku zuwa biyar kafin ya tashi. Kai ka zo ka duba, ka shafa gemun da bai gama fitowa ba, ka ce za ka rubuta masa firogiram, ya ba ka mako guda. Ni na sa razista mai kilo 390 da kafasita mai maikuro 470, na buga lissafi ya ba ni sakan 200 da 'yan kai. Kafin ya gama sallar La'asar na liƙe, na gwada, na karɓi kuɗina da ƙanƙara biyu kyauta.

Na san abin da za ka ce, domin ka sha faɗa. Za ka ce irin wannan kafasita ba ta da alƙawari, abin da aka rubuta a jikinta yana iya saɓawa da kashi ashirin cikin ɗari, sama ko ƙasa. Gaskiya ne. To sai me? Jiran ya zama sakan 160, ko ya zama 240. Ka taɓa jin firiza ta kai ƙara cewa an tashe ta a makare da rabin minti? Ba jirgin sama za ta hau ba.

Yanzu mu zo kan naka shuɗin allon. Ban raina asalinsa ba. A garin Ivrea na Italiya aka fara Arduino a 2005, don ɗaliban zane da ba su karanci lantarki ba su samu abin wasa da fitilu da injuna, kuma ya yi wa duniya amfani. Irin wanda kake yawo da shi, Uno, ya fito a 2010. Ƙwaƙwalwar da ke kansa, ATmega328P, ƙafarta 28, zuciyarta na bugawa sau miliyan 16 a sakan guda. Duk wannan gudu, duk wannan ilimi, ka ɗauko shi don ya zauna ya ƙirga minti uku. Ka ɗauko raƙumi da akalarsa don a kai buta bayan ɗaki.

Amma ba firiza ce ta kawo mu yau ba, albasa ce. Ga yadda direbobi suka kawo labarin, in akwai ƙari ka gyara. Surukinka ya gaji da sammakon ban ruwa, kai kuma kana neman inda za ka nuna masa cewa bai yi asarar 'ya ba. Ka haɗa masa famfo da sola da batir, ka ɗora shuɗin allo a cikin akwati, ka ce daga yau ruwa zai zo da kansa safe da yamma, ya ɗauke da kansa. Aka taru aka gani, aka yi kabbara. Mako ya wuce, wata ya wuce, abu yana aiki kamar ladan mai tsoron Allah. Har ka fara tafiya kana buɗe hammata. Aka yi arba'in lafiya, kamar mai jego ta gama wanka. Da aka ƙara kwana tara da 'yan awoyi, famfo ya tashi da yamma, ya ƙi kwanciya. Ya kwana yana zuba har batir ya ce ga garinku nan. Da gari ya waye, fangali ya haɗe da fangali, albasar da ta fara ɗaura kai tana iyo, maƙwabcin gona yana tambaya ko hukuma ce ta buɗe madatsa.

An ce da surukinka ya iso bai yi faɗa ba, don dattijo ne. Ya dubi gona, ya dubi akwati, ya dube ka, ya ce: "Wanga abu naka, shina da hankali kuwa?" An ce ka amsa da cewa yana da ƙwaƙwalwa. Ya ce ai mahaukaci ma yana da ita.

Ni da ban iya rubuta layi ɗaya na firogiram ba, na san abin da ya faru, domin na tambayi waɗanda suka fi ka. Allon nan yana da wani ma'aji da yake ƙirga lokaci tun daga sa'ar da aka kunna shi, yana ƙara ɗaya sau dubu a kowane sakan. Ma'ajin yana da iyaka. Idan ƙidaya ta haura biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu, sai ya cika ya koma sifili, kamar mitar tsohuwar mota. Wannan cikar tana zuwa bayan kwana 49 da kusan awa 17. Kai kuma ka rubuta masa cewa in ƙidaya ta wuce lamba kaza ya kashe famfo. Kafin ya waiwayo ya duba, ƙidaya ta koma farko, lambar da yake jira ta yi masa nisan wata guda da rabi. Ya zauna yana jira da biyayya, ruwa yana zuba. Masu sani sun ce gyaran layi ɗaya ne: a riƙa ɗebe lokacin farawa daga lokacin da ake ciki, a duba tazarar, ko ma'aji ya juya lissafi ba ya ɓaci. Layi ɗaya, bawana. Buhu nawa na albasa ya ci?

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, ƙwazonka ne ya kashe ka. Da a wutar gari ka jona shi, wadda ba ta cika yini ba ta ƙifta ido ba, da kullum sai allon ya mutu ya farfaɗo ya soma ƙirga daga sifili, da har abada bai kai kwana 49 ba, da yanzu kana nan kana cika baki. Sai ka ba shi batir mai kyau da rana ta Sakkwato wadda ba ta fashi. Ka ciyar da shi har ya yi ƙarfin da zai tona maka asiri.

Ba wannan ne karo na farko ba, kada ka ce tsautsayi. Ka manta lokacin da allonka yake suma duk sa'ar da rile ya saki? Ka kwana uku kana zargin aljanu da masu sayar da jabun kaya. Na zo na ga ba ka sa dayod a gindin rile ba. Naɗin wayar da ke cikin rile, idan an yanke masa wuta farat ɗaya, yana mayar da harbi kamar jaki, harbin nan ne ke firgita ƙwaƙwalwar. Dayod guda, 1N4007, wanda ko kuɗin goro bai kai ba, ya kwantar da aljanun. Ga kuma batun abinci. Tsohuwata tana cin wuta daga bolt 4.5 har 16, batirin sola ya hau 14 da rana tsaka ko a jikinta. Taka ƙwaƙwalwar 'yar gata ce, a kan allon nan bolt 5 take so, sai an sa mata mai tace wuta, shi kuma ya riƙa zafi a cikin akwatin ƙarfe a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40 a inuwa.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san idan ban faɗi nawa ba za ka aiko da takarda mako mai zuwa ka faɗa da ƙari, gara in riga ka. Wata baiwar Allah daga Sifawa ta kawo mini akwatin ƙyanƙyasa da damina, ta tara ƙwan zabi, tana son abin da zai riƙa juya mata su duk bayan awa huɗu. Ƙwai in ba a juya shi ba ɗan da ke ciki yana manne wa ɓawo. Na ce wannan ai aikin tsohuwa ne. Awa huɗu sakan 14,400 ne. Na nemo kafasita mai maikuro 1,000, lissafi ya ce sai razista ta kai mega 13. Na jera su kamar tasbaha, na liƙe, na ɗora allon a cikin akwatin, inda zafi ke zaune a digiri 37 da rabi dare da rana.

Abin da na sani amma girman kai ya hana ni tunawa shi ne, babban tulu yana yoyo. Irin wannan kafasita tana tsiyayar da wuta kaɗan-kaɗan ta cikinta, zafi kuma yana ƙara mata yoyon. Mazurarin da na matse ya yi ƙanƙanta har abin da ke shiga bai fi abin da ke fita ba. Tulu bai taɓa kai kashi biyu cikin uku ba. Tsohuwa ta zauna tana leƙe, ƙwai na kwance ta gefe ɗaya. Kwana 28 da zabi ke ɗauka suka cika, abin da ya fito bai isa a kira shi garke ba. Matar ba ta zage ni ba, ta dai ce da ta sani da ta bar wa kazarta, ita ba ta karɓar kuɗin aiki. Wanzami ba ya son jarfa, amma na sha ta ranar.

Na koma na gyara da wata aisi, CD4060, wadda ke da matakai 14 na raba ƙidaya, kowane mataki yana raba na gabansa biyu. In ka sa ta tana bugawa sau ɗaya a sakan, matakin ƙarshe ba ya kammala zagaye sai bayan bugu 16,384, wato awa huɗu da rabi da 'yan mintoci, kuma da ƙaramar kafasita marar yoyo. Wannan ya yi aiki. Sai dai duk sa'ar da wuta ta yanke, ta manta inda ta tsaya ta koma farko. Kuma ƙwai yana son a daina juya shi kwana uku kafin ƙyanƙyasa, na kaza a rana ta 18, na zabi wajen ta 25. Wa zai ƙirga mata kwanaki? In na ce sai na yi da aisi zalla, allon zai kai faɗin faifai, wayoyi kamar taliya. A nan, bawana, kuma ka rubuta ranar da na faɗa domin ba zan maimaita ba, ƙwaƙwalwarka ta fi gwangwanina.

Haka batun masallacin unguwarmu, da suka so fitilun haraba da lasifika su riƙa kunnuwa kafin kowace salla. Mu nan Boɗinga ba baƙin lissafin lokaci ba ne. Garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ne, ga Sifawa a gefenmu inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Kakanninmu da tafin ƙafa suke auna inuwa su san Azahar ta yi, tun kafin naku su ga agogo. Sun san lokacin salla ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ƙasar nan faɗuwar rana ta watan Nuwamba da ta watan Yuli sun bambanta da kusan awa guda. Tuluna bai san Nuwamba ba, bai san Yuli ba. Ko da na ce ya riƙa zagayowa duk awa 24, kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari kawai minti 14 ne a yini, a wata guda ya haura awa bakwai. Da sai a kunna lasifikar Asuba mutane suna cin abincin rana. Kai kuwa ka haɗa ƙwaƙwalwarka da ɗan agogon nan DS3231 mai batirin kwabo, wanda kuskurensa a shekara bai fi kamar minti guda ba, ko an ɗauke wuta yana nan yana ƙirgawa. Ka zuba masa jadawalin shekara, ya yi. Na gani, na yi shiru, na fita ta ƙofar baya.

Tun da mun zubar da albasa mun kashe zabi, ya kamata a ce mun sayi hankali. Ga abin da na tsinta, kyauta na ba ka, tun da bawa ba ya biyan ubangidansa kuɗin karatu.

Kafin ka taɓa laftof, kafin ni ma in jona ƙarfen dalma, a fara tambaya ko aikin nan lokaci yake so ko alama. Sau da yawa mu biyun duk ɓata muke. Mai tanki ya ce a sa masa famfo ya yi minti arba'in ya tsaya. Minti arba'in bai san ko tanki ya cika ba, bai san ko rijiya ta ƙafe ba. Makunnin nan mai yawo a saman ruwa ya fi mu sani, ruwa ya taso ya ɗaga shi ya kashe, ruwa ya sauka ya kunna. Fitilar ƙofar gida ma ba ta bukatar sanin ƙarfe nawa, 'yar razistar nan mai jin haske ta isa, duhu ya yi ta kama, gari ya waye ta saki. Zakara bai taɓa ɗaura agogo ba.

In kuwa lallai lokaci ake so, a duba ko jira ne ko agogo. Jira shi ne a ce dakata kaɗan sannan ka tashi, ko yi minti biyu ka tsaya, abu ɗaya, tazara ɗaya, daga sakan zuwa 'yan mintoci, kuma ba wanda zai mutu in an samu ɗan saɓani. Wannan gonata ce, kada ka shigo. Agogo shi ne a ce ƙarfe kaza, rana kaza, sau kaza, in kaza ya faru a fasa, gobe mai shi ya dawo ya ce a sauya. Wannan taka ce. Ni in an ce a sauya lokaci sai na narka dalma na cire ƙafa, kai lamba ɗaya za ka goge. Ban ma ƙi gaya maka ba, 'yan na'urorin saita lokaci da ake sayarwa a kasuwa a kwali, masu ɗan gilashi da maɓallai, duk irin ƙwaƙwalwarka ce a cikinsu, kuma sau da yawa sayensu ya fi mu biyun araha. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Saura tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami, wadda ba a koya muku ba mu kuma ba mu iya faɗarta da Turanci ba. In abin ya lalace, wa zai gyara?

Ka tuna ranar da agogon masallacin nan ya tsaya bayan tsawar farkon damina? Kana Kaduna wurin wani taro, wayarka a kashe. Liman ya aiko aka kira ni. Na buɗe akwati, na sa mita, wuta tana shiga, rile lafiya, dayod lafiya, ƙwaƙwalwa ta mutu. Sabuwa ba ta gagara ba, ana samu. Amma sabuwar fanko ce, kamar allon da aka wanke. Karatun da ke cikin tsohuwar yana cikin laftof ɗinka, laftof yana cikin jakarka, jaka tana Kaduna. Ka kulle wa jama'a ɗaki ka tafi da makulli. Kwana goma sha ɗaya ladan yana tashi da tocila yana laluben makunni, yana ambaton sunanka a cikin addu'o'in da ban tabbata na alheri ba ne.

Nawa allon, duk muninsa, a buɗe yake. Duk mai gyaran rediyo daga Yabo har Kajiji zai bi layin dalma da ido ya gane inda wuta ta shiga da inda ta fita. Kafasita ta kumbura, ya ciro wata daga mataccen talabijin. Tururuwa ta shiga rile, ya busa ya goge. Tsaka ta kwanta a kan allo ta haɗa wuta, ya share gawar ya sauya aisi, ba sai ya nemi izinina ba. Zafi yana cinye kafasita, masu ƙera ta ma sun ce duk ƙarin digiri goma yana raba kwananta biyu, don haka na san aikina zai lalace wata rana. Naka ma zai lalace. Ƙurar hunturu da tsawar damina ba su karanta takardar shaidar kowa. Bambancin shi ne nawa in ya faɗi a gida yake jinya, naka sai an jira likita ya dawo daga tafiya. Manomin da ke da ruwa a gona yau ba zai iya jiran Laraba ba.

Saboda haka ga hukuncin da ubangidanka ya yanke, ba ɗaukaka ƙara. Duk akwatin da za ka sake haɗawa a ƙasar Shagari, ka manna takarda a murfinsa da zanen yadda wayoyi suka bi. Ka zuba firogiram ɗin a ƙwaƙwalwa biyu, ɗaya a kan allo, ɗaya a naɗe a leda a cikin akwatin, tun da irin ta Uno ana zare ta a soka wata ba tare da dalma ba. Ka bar kwafin rubutun wurin wani da ba ya zuwa taro. Ka sa makunnin hannu a gefe, wanda ko yaro zai iya murɗawa ya mayar da famfo hannun mai shi. Kada ka ce mini ai akwai karen gadi a cikin ƙwaƙwalwar da ke tashinta in ta sandare. Na sani. Amma daren albasa ba sandarewa ta yi ba, idonta biyu, tana bin umarninka sau da ƙafa, karen kuma yana kaɗa wutsiya.

Na ƙarshe, ka bar mini wuri a bayan allonka, faɗin akwatin ashana ya isa. Zan ɗora 4060 ɗina da rile guda a kan layin famfo. Ba ruwanta da ƙarfe nawa, ba ruwanta da abin da ka rubuta. Aikinta ɗaya: in famfo ya wuce awa biyu yana zuba, ta yanke, ko ƙwaƙwalwarka ta yarda ko ba ta yarda ba. Kai ka riƙe kalanda, ni in riƙe sanda. Yaro mai ilimi ya yi limanci, amma a bar tsoho a sahun farko saboda ranar da zai yi rafkannuwa.

Cika-ciki ya kusa, na san za ka zo karɓar kuɗin shara kamar yadda ka saba, da sabuwar hula da tsohuwar yunwa. Ka zo, haƙƙinka ne, ba zan hana ba. Sai dai bana zan cire kuɗin dayod ɗin nan da ban taɓa cajinka ba, abin da ya rage in ba ka a ƙwan zabi, ina da wasu da suka daɗe a ajiye. Ka taho da laftof ɗin, akwai wata mata a Sifawa da nake bin kaina bashin zabinta, kuma na gaji da sauya hanya in na hango ta. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata ɗan ɗan'uwanta yana nan yana ta fama da tarbiyyar ɗanta. Ka gaida surukinka, ka tambaye shi ko yana sayar da irin shinkafar.

Ubangidanka na Boɗinga.